Yauƙin tumbi da kansar ciki: wai akwai gwajin da zai faɗi inda ciwon zai kai?

Juma'ar da ta wuce na je gida, ƙauyenmu can ta wajen Ringim, bayan an sauko daga masallaci muna zaune a zauren Baffa sai ɗansa na biyu ya ja ni gefe, yace Yaya don Allah ina da tambaya tunda kai aikin lab kake yi. Wai wani abokinsa da ke karatun lafiya ya gaya masa akwai wani gwaji da ake yi wa tsokar da aka tsakuro daga cikin mai kansar tumbi, ana ce masa gwajin musin, wai shi yake nuna ko ciwon mai saurin kisa ne ko mai sauƙi, to shi ya yanke shawara zai kai bijiminsa na huɗa kasuwar Maigatari ya sayar a yi wa Baffa wannan gwajin ko da sai an aika da tsokar Legas ne ko waje, su dai su san inda suka tsaya. Yana maganar idonsa ya kawo ruwa. Baffa shekara biyu yana shan maganin olsa daga kemis, sai watan jiya aka zura masa kyamara a wani asibiti a birni aka ga abin da ke ciki.

Na ce masa kar ya taɓa bijimin tukunna, kuma na yi masa bayani iya yadda zan iya a tsaye, amma abin ya tsaya min a rai har na dawo Kano, shi yasa na zauna na rubuta shi a tsanake, don na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Abin da abokin nasa ya faɗa akwai gaskiya a ciki, sai dai rabin gaskiya ce, kuma rabin da ya bari shi ne ya fi shafar talaka.

Duk wanda ya taɓa wanke kayan cikin rago ranar layya ya san wani yauƙi da ke manne a cikin tumbi da hanji, mai santsi kamar an kaɗa karkashi, sai ka sa gishiri ko ruwan zafi kafin ya saki. To mu ma muna da shi. Tumbin mutum yana zubo asid mai ƙarfin gaske don narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta, asid ɗin da zai iya cin nama, kuma tumbin shi kansa ai nama ne, to me ya hana shi cin kansa? Wannan yauƙin ne. Kaurinsa bai kai milimita 1 ba, kusan kashi 95 cikin 100 nasa ruwa ne, amma yana riƙe wani sinadari mai kama da kanwa da bangon tumbin ke fitarwa, sai ya zama can tsakiyar tumbi asid na tafasa amma a jikin bangon lafiya lau. Kamar dai yaɓen makuba da iyayenmu ke yi wa soro kafin damina, ruwa na dukan yaɓen, ƙasar da ke ƙarƙashi tana nan a bushe.

Abin da ke ba wa wannan ruwan yauƙinsa shi ne musin. Furotin ne, amma irin wanda aka lulluɓe da sarƙoƙin sukari, har fiye da rabin nauyinsa sukarin ne. Ka ɗauko zangarniyar gero ka duba, akwai sanda a tsakiya, ƙwayoyi sun rufe ta ta ko'ina har ba ka ganinta, to sandar ita ce furotin ɗin, ƙwayoyin su ne sukarin, kuma su ne ke jan ruwa su riƙe. Ku riƙe wannan misalin na zangarniya don zan dawo kansa.

Musin ba iri ɗaya ba ne, an gano wajen 20 a jikin ɗan Adam, an ba su lamba, kuma kowanne da unguwarsa. A tumbi mai lafiya uku ne manya. MUC5AC yana sama-sama, a fatar da ke fuskantar abinci. MUC6 yana can ƙasa cikin ƴan ramukan da ke bangon. Su biyun nan zubo su ake yi su zama yauƙi. Shi kuwa MUC1 ba a zubo shi, a dashe yake a saman ƙwayar halitta kamar shinge, kansa a waje, gindinsa a cikin ƙwayar. Sai na huɗu, MUC2, wanda shi ɗan hanji ne, ba shi da gida a tumbi sam, in ka gan shi a can to wani abu ya faru.

Abin da ke faruwar kuma yawanci wata ƙwayar cuta ce ke fara shi, Helikobakta failori. Wasu likitoci biyu a garin Fas na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka raino ta a lab a 1982, lokacin kowa ya yarda babu abin da zai rayu cikin asid ɗin tumbi, aka ƙi yarda da su har Marshall ya kurɓi ruwan ƙwayar da kansa a 1984 ya kamu don ya nuna, daga baya aka ba su kyautar Nobel a 2005. Tun 1994 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa wannan ƙwayar a sahun farko na abubuwan da ke jawo kansa. Kuma a cikin yauƙin nan take zama. Tana da wani sinadari da take kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita, yauƙin ya tsinke ya yi ruwa-ruwa ta samu hanyar iyo, sannan tana da ƙugiya da take maƙale wa sukarin da ke jikin MUC5AC. Abin da ya ƙara burge ni, a 2004 wasu masu bincike a Japan suka nuna cewa sukarin da ke jikin MUC6 shi kuma hana ta girma yake yi, kamar maganin kashe ƙwayoyin cuta da Allah Ya ajiye a can ƙasan ramukan, shi yasa ta fi tsayawa a sama. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai na yi tasbihi.

In ta zauna shekara da shekaru, tun yarinta yawanci ake ɗaukarta ta ruwa da abinci da cuɗanyar gida, sai bangon tumbin ya yi ta kumburi a hankali. Wani likita ɗan Kolombiya, Pelayo Correa, shi ya jera matakan a 1975: kumburi mai daɗewa, sai bangon ya sirance ramukan su mutu, sai fatar tumbin ta rikiɗe ta koma irin ta hanji, sai ƙwayoyin su fara lalacewa a siffa, sai kansa. Tafiya ce ta shekara 20, 30, kuma mafi yawan masu ƙwayar ba sa kai wa ƙarshenta, waɗanda ke kamuwa da kansa ba su wuce 1 zuwa 3 cikin 100 ba. To a mataki na uku ɗin nan ne MUC2 ke bayyana a inda ba gidansa ba. A 1999 masu bincike a Foto ta ƙasar Fotugal suka nuna rikiɗar iri biyu ce, akwai wadda tumbin ke sakin nasa musin ɗin gaba ɗaya ya ɗauki na hanji, akwai kuma wadda yake cakuɗa su, na tumbi da na hanji a waje guda, kuma wannan cakuɗaɗɗiyar ita aka fi tsoro.

Kun ga kenan musin kamar takardar shaida ce ta ƙwayar halitta, yana nuna ita wace ce da kuma ko ta fara mance asalinta. Daga nan ne tunanin ya taso, tunda kansa ita ma daga waɗannan ƙwayoyin ta fito, me zai hana a duba wane musin take fitarwa, wataƙila ya nuna halinta, mai zama waje ɗaya ce ko mai yawo.

Yadda ake dubawar shi ne ɓangaren da na sani da hannuna. Tsokar da aka tsakuro da kyamara, ko wadda aka yanke a tiyata, ana jefa ta cikin ruwan fomalin, a busar da ita, a daskarar da ita cikin kaki irin na kyandir, a yanka ta siriri fiye da fatar albasa a shimfiɗa kan gilashi. Sai a ɗiga wani sinadari da aka ƙera shi ya kama abu ɗaya tak, misali MUC1, duk inda ya kama sai wajen ya rine ruwan ƙasa-ƙasa, likitan tsoka ya leƙa ta madubi ya ƙiyasta kashi nawa na ƙwayoyin kansar suka rinu. Shi kenan gwajin. Masu bincike kuma sai su koma ɗakin ajiya su kwaso ɗaruruwan tsoffin tsokoki na mutanen da aka yi wa aiki shekarun baya, su rina su, su duba fayil su ga wa ya rayu shekara 5 wa ya rasu da wuri, su gwada ko rinin ya yi daidai da makomar.

Wanda maganarsa ta fi tsayuwa shi ne MUC1. Tun 1998 wani bincike daga jami'ar Kagoshima a Japan ya nuna masu kansar da ke fitar da MUC1 sun fi saurin rasuwa, masu MUC2 kuma sun fi daɗewa, kuma bincike da yawa bayansa sun maimaita maganar MUC1 ɗin, an fi ganinsa a ciwon da ya nutsa cikin bango, ya shiga jijiyoyi, ya kai kaluluwa. Kuma akwai dalili mai shiga hankali. A lafiyayyar ƙwaya MUC1 a fuska ɗaya kawai yake, ta wajen abinci, amma a ta kansa sai ya yi yawa ya zagaye ta ta ko'ina, kuma shi dogo ne mai santsi, sai ya hana ta manne wa maƙwabtanta, ta ɓalle cikin sauƙi ta bi jini ko ruwan kaluluwa. Yana kuma yi mata lulluɓi sojojin jiki su kasa cafke ta, sannan gindin nan nasa da ke ciki yana aika saƙon a ci gaba da hayayyafa. Wato shingen da aka dasa don tsaro shi ya koma taimakon ɓarawo.

MUC5AC kuwa akasin haka aka fi samu, in kansar ta daina fitar da shi, ma'ana ta mance ita ƴar tumbi ce, to an fi ganin ta yi nisa kuma makomar ta fi muni. Amma nan aka fara samun saɓani, don wasu binciken ba su ga bambanci ba, wasu ma suka ga kishiyar hakan. MUC2 ma haka, wancan na Kagoshima yace alheri ne, wasu suka ce babu ruwansa, kuma shi ne ke cika wani nau'in kansar da ake ce wa mai yauƙi, wadda fiye da rabin ƙullutun yauƙi ne zalla ƙwayoyin na iyo a ciki, wadda kuma sau da yawa sai ta yi nisa ake gano ta. Har Japanawa suka ɓullo da rabon gida huɗu, kansa mai halin tumbi, mai halin hanji, mai haɗe-haɗe, da wadda ba ta nuna ko ɗaya, ana ta rubuce-rubuce a kai fiye da shekara 20, amma har yau ba a haɗu kan wace ce ta fi muni a kowane mataki ba.

Me ya kawo wannan rikicin, abu ɗaya ake dubawa amsa na fitowa daban-daban? Mu koma kan zangarniya. A ƙwayar kansa sarƙoƙin sukarin nan ba sa cika, guntaye ne, kamar zangarniyar da jan baki suka sauka a kai suka cinye rabi sandar ta fito fili. To sinadaran rinin da ake sayarwa ba ɗaya ba ne, wani sandar tsirara yake kamawa, wani sai da sukarin a jiki, don haka tsoka ɗaya lab biyu za su iya rina ta wannan yace akwai MUC1 wancan yace babu, kuma kowa gaskiyarsa ya faɗa. Sai maganar kwanon awo. Wani mai bincike yace in kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin suka rinu to akwai, wani yace sai 10, wani sai 25 ko fiye, to ya za ka haɗa lissafin wanda ya auna da tiya da na wanda ya auna da gwangwanin madara kace buhu nawa aka samu? Ga shi kuma ƙullutun kansar tumbi ba launi ɗaya ba ne, gefen nan daban gefen can daban, samansa daban gindinsa da ke cin bango daban, ɗan abin da kyamara ke tsakurowa kuwa bai fi ƙwayar dawa ba kuma daga sama ake ɗebo shi. Ni na ƙara da wanda nake gani kullum, tsokar da aka bari ta kwana a leda babu fomalin, ko aka zuba mata wanda aka tsinka da ruwa fiye da ƙima, ko ta yi wata guda a kwalba cikin zafin Afrilu kafin ƴan uwa su haɗa kuɗin kawo ta birni, wannan ko wane rini ka sa mata amsar ba abin dogaro ba ce.

Amma babbar matsalar ba ma wannan ba ce, kuma ita na fi so ƙanina ya gane. In kana gona da yamma ka hango ƙura ta tashi daga arewa za ka ce garke na tafe, kuma ka yi daidai, ƙurar alama ce ta gaskiya. To amma in shanun sun riga sun iso gabanka ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, me ƙurar za ta ƙara maka? Likitoci suna da nasu ƙirgen shanun, shi ne matakin ciwo, wanda ake ginawa kan tambaya uku: ƙullutun ya nutsa zuwa ina a bangon tumbi, kaluluwa nawa ya kama, kuma ya tsallaka hanta ko huhu ko rigar ciki ko bai tsallaka ba. Daga nan ake cewa mataki na 1 zuwa na 4. MUC1 yana yawan tafiya tare da ciwon da ya riga ya yi nisa, to tambayar ita ce in ka ɗauki mutum biyu da ke mataki ɗaya, shekaru kusan ɗaya, an yi musu aiki iri ɗaya, shin musin zai raba maka su? A wasu binciken ya raba, a wasu da dama da zarar an sa mataki cikin lissafin sai ƙarfinsa ya zube. Shi yasa har yanzu manyan ƙa'idojin maganin kansar tumbi na Turai da Amurka da Japan ba su sa rinin musin cikin abin da ake yanke shawarar magani da shi ba. Ana amfani da shi dai a lab wani lokaci don taimakawa a gane nau'in ƙullutu ko asalinsa, wannan daban.

Akwai kuma bambancin da mutane ba sa yi tsakanin alamar da ke hasashen makoma da alamar da ke zaɓa maka magani. Ta farko tana ce maka hanyar nan akwai ramuka, ta biyu tana ce maka hau wannan motar kar ka hau waccan. Misalin ta biyu shi ne HER2, wani furotin da ke saman ƙwayar kansar, shi ma da irin wannan rinin ake duba shi, kusan 1 cikin 5 na masu kansar tumbi ke da shi da yawa, kuma a 2010 wani babban gwajin magani da ake kira ToGA ya nuna in aka ƙara musu maganin trastuzumab kan kemo matsakaicin kwanansu ya tashi daga wata 11.1 zuwa 13.8. Ba yawa, amma ga wanda ubansa ne ke kwance kusan wata uku ba abin rainawa ba ne. A 2024 ma Japan da Amurka sun amince da wani sabon magani na masu wata alamar da ake kira Claudin 18.2. Waɗannan in ka biya kuɗin gwajin amsar na iya canza abin da za a ɗaura wa mara lafiya, in akwai halin sayen maganin kenan, don tsadarsa ba ta manomi ba ce. Shi kuwa musin, ko ya fito akwai ko babu, aikin da za a yi wa Baffa ɗaya ne, kemon ɗaya ne. An daɗe ana ƙoƙarin ƙera magani da rigakafin da za su nufi MUC1 kai tsaye, ana kan gwaji, amma babu wanda ya zama maganin yau da kullum na kansar tumbi.

Af, kar a rikita da gwajin jini. Wasu lambobin da ake gani a takardar asibiti su ma dangin musin ne, CA 15-3 na kansar nono ɓangaren MUC1 ne da ya zubo cikin jini, CA 125 na kansar ƙwan mace shi ne MUC16, CA 19-9 kuma sukari ne da ke hawa kan musin. A kansar tumbi akan auna CA 19-9 da CA 72-4 da CEA don bibiyar mara lafiya bayan magani, amma ba sa gano ciwon da wuri, mutum zai iya kamuwa da kansar amma lambobinsa na nan daidai.

Sannan ko da alamar ta inganta ɗari bisa ɗari, ba ta faɗin kwanan mutum ɗaya. Abin da take cewa shi ne cikin mutum 100 masu irin wannan ciwon kaza ne suka kai shekara 5, ba ta san ko Baffa yana cikin waɗanda suka kai ko waɗanda ba su kai ba. Likita na gaskiya ba ya ce maka ga ranar, lissafin taro yake yi don ya san irin ƙarfin maganin da zai sa, ajali kuwa na Allah ne, ban ga inda biyun suka ci karo ba.

Wani abin da ke ci min rai shi ne kusan duk binciken nan a kan tsokar mutanen Japan da Koriya da Sin da Turai aka yi shi. Ciwon ya fi yawa a gabashin Asiya, gaskiya ne, a ƙididdigar duniya ta 2022 an samu sababbin masu shi kusan 968,000, kusan 660,000 suka rasu, shi ne na biyar a yawa cikin ire-iren kansa. Mu a nan kuwa akwai wani abu da aka daɗe ana muhawara a kai. Wani likita Bature da ya yi aiki a Maiduguri, Holcombe, ya rubuta a 1992 cewa a arewacin Najeriya fiye da kashi 80 cikin 100 na mutane na ɗauke da Helikobakta amma kansar tumbi ba ta da yawa a rajista, ya kira abin ɗaurin kan Afirka. Wasu suka ce irin ƙwayar ce ta bambanta, wasu suka ce tsutsar ciki da ke damunmu tun yara ce ke sauya yadda jiki ke kumburi, wasu suka ce abinci. Ni dai a nawa ganin, kuma ra'ayina ne, kaso mai tsoka na amsar yana maƙabartun ƙauyukanmu, dattijo nawa muka binne aka ce olsa ce ta ci shi, ko sammu, ko ciwon ciki kawai, ba kyamara ba tsoka ba rajista? Wanda ba a duba ba ai ba zai shiga lissafi ba. Akwai rajistar kansa a Asibitin Malam Aminu Kano, amma wanda ya iso ne kaɗai za ta rubuta.

Kuma in kana son ka ga abin da ke sauya makoma da gaske, dubi Koriya ta Kudu, gwamnati ke kiran duk wanda ya kai shekara 40 a leƙa tumbinsa duk bayan shekara 2, Japan ma tana da nata tsarin, shi yasa a ƙasashen biyu fiye da kashi 60 cikin 100 na masu ciwon ke wuce shekara 5, wanda aka kama tun yana fatar sama kuwa fiye da 90, wani ma ba a buɗe cikinsa, da kyamarar ake kankare shi. Wanda ya riga ya tsallaka hanta, ko a can, waɗanda ke kai shekara 5 ba su kai 10 cikin 100 ba. Babu wani rini, na musin ko waninsa, da ya taɓa raba mutane da tazara irin wannan.

Shekara biyun da Baffa ya yi yana shan ƙwayar olsar nan omefirazol da farin ruwan nan na kwalba su suka fi tsaya min. Maganin yana kwantar da zafin da gaske, shi ne ma haɗarin, don yana iya rufe alamar ciwon na ci gaba a ƙasa. Kuma alamomin sun fito, Inna ta ce tun bara in ya ci loma uku na tuwo sai yace ya ƙoshi, wandonsa ya yi masa yawa, tafin hannunsa ya yi fari, akwai lokacin da bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, duk muka ce olsa ce da tsufa, har da ni da nake zuwa duk wata ina ganinsa. Mutumin da ya haura 45 ko 50 ciwon ciki ya taso masa sabo, ko yana ramewa, ko amai, ko abinci na tsaya masa, ko jininsa na ƙarewa ba dalili, wannan ba na kemis ba ne, na kyamara ne. Maza sun ninka mata a wannan ciwon, taba da yawan gishiri da abincin da aka adana da gishiri ko hayaƙi suna ƙara haɗarin, haka wanda mahaifi ko ɗan uwansa na jini ya yi shi.

Abin da muka tsayar a daren, ni da ƙanina da babban wansu, shi ne kuɗin da ke hannu a fara da hoton siti sikan da likitan ya rubuta, don shi zai nuna ko ciwon ya tsallaka ko ana iya aiki, a ƙara masa jini in an ce a ƙara, a kula da abin da zai iya haɗiya, kunu da madara da ƙwai da romo kaɗan-kaɗan sau da yawa, don mai ƙarfin jiki ne ke jure tiyata da kemo. In likitan da kansa ya nemi a rina tsokar don HER2 sai mu tambaye shi ko amsar za ta sauya maganin da za mu iya saya. Bijimin yana nan a turke, wataƙila a sayar da shi ɗin nan gaba, amma don aiki.

Su kuma ƴaƴan Baffa su biyar na ce kowa ya je a yi masa gwajin Helikobakta, na bayan gida ko na numfashi, kuma wanda ke shan omefirazol ya dakata sati 2 kafin gwajin don yana ɓoye ta, wanda aka samu a ba shi cikakken magani, haɗin ƙwayoyi ne na kwana 14 ba a yankewa a tsakiya, a sake gwadawa bayan wata guda a tabbatar ta mutu. Babban wan yace shi lafiyarsa ƙalau me zai kai shi, Inna daga bakin ƙofa tace kai za ka fara zuwa. Ranar Talata za mu shigo da Baffa Kano a motar farko.